Ranar da Hajiya Ta Faɗi Sunan Mijinta

Ajin yana saman wani kanti ne a unguwar Taman Melati, hawa na biyu, ƙarƙashinsa akwai shagon gyaran waya da gidan abincin Indiyawa Musulmi da ake kira mamak. Idan ana karatu da safe ƙamshin soyayyar albasa yakan hauro ta taga har sai malamar ta tashi ta rufe. Wata ƙungiyar mata 'yan sa-kai ce ta kama ɗakin saboda matan ɗalibai baƙi, waɗanda suka biyo mazajensu Kuala Lumpur ba su jin Turanci ba su jin yaren garin. Talata da Alhamis ake karatu. Ranar Laraba kuma a taimaka wa mace da cike takardun biza, ko katin asibiti, ko neman wa yara makaranta.

Ni ba ɗaliba ba ce a wurin, kuma a yadda nake ji da kaina a lokacin da wani ya ɗauke ni ɗaliba da mun ɓata. Digiri na biyu nake yi a fannin koyar da Turanci, gwamnati ce ta turo ni daga kwalejin da nake koyarwa a Kano, maigidana kuma yana nasa karatun na injiniya. Na ji ana neman wadda za ta riƙa taimaka wa malamar da fassara, na kai kaina. Na gaya wa mutane don Allah nake yi. Akwai don Allah a ciki, ba zan hana kaina wannan ba, amma akwai kuma son a ji bakina. Turancina na makarantar kwana ne, kuma ina jin daɗin ganin fuskar mutum ta canja idan ya ji shi yana fitowa daga bakin baƙar mace mai hijabi.

Shekarun nan ne da 'yan Najeriya suka fara cika garin, sunanmu kuma ba ya ƙamshi. Mai tasi yakan rage gudu, ya leƙo ya ga fuskarki, ya ƙara mai. A lif wata ta gyara riƙon jakarta da kin shigo. A ajin ma wata 'yar Yaman ta taɓa tambayata, da zuciya ɗaya, ko muna da wutar lantarki a ƙasarmu. Na ce muna da ita, ban dai ƙara mata da cewa takan yi kwana uku ba ta leƙo mu ba. Duk wannan ya taru ya zame mini ciwo, sai na naɗa kaina wakiliyar Najeriya ba tare da kowa ya zaɓe ni ba. Idan wata Bahaushiya ta ɗaga murya a jirgin ƙasa in harare ta. Idan ta zo da goyo a baya in ce mata nan ana sa yaro a keke ne. Matan namu suka sa mini suna Baturiya, a bayan idona, kuma da labarin ya iso mini ban ji haushi ba ko kaɗan.

Hajiya matar wani dattijon malamin fiƙihu ce da ya zo yin digiri na uku yana gab da shekara sittin. Kowa Malam yake ce masa, ita kuma Hajiya. Ta haura hamsin, mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Katsina, ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma ta sauke Alƙur'ani kuma hannunta na ajami ya fi nawa na boko kyau. Gidansu a Danau Kota yake, hawa na goma sha ɗaya, kuma nan ne gidan kowa. Mai jego ita za ta je ta kwana mata bakwai. Amaryar da ta zo tana kukan gida ita za ta tuƙa mata tuwon shinkafa da miyar kukar da ta yo guzuri. Ni ma da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta zo ta dama mini kunu. A ɗakin girkinta nake zama idan na je, a kan wata 'yar kujera kusa da firji, tana aiki muna hira, kuma 'yar nan take ce mini.

Wata rana ta roƙe ni in raka ta asibiti a Titiwangsa in yi mata tafinta. Likitar mace ce. Hajiya ta ce bayanta ke ciwo, na faɗa, aka rubuta magani. Likitar ta ɗan dube ta ta tambaya ko akwai wani abu kuma. Na juya tambayar. Hajiya ta kalle ni, ta kalli ƙasa, ta ce babu. Sai a bas, muna hanyar komawa, ta tambaye ni wata nawa mutum zai yi yana koyon Turancin nan kafin ya iya gaya wa likita abin da ke damunsa. Na yi dariya na ce ai ga ni, me za ta yi da wahala.

Ta ce, "Akwai abin da nake so in gaya mata, 'yar nan. Ba na so ya bi ta bakin kowa. Ke kamar 'yar cikina ce. Shi kuwa Malam, ai kin sani."

Ban tambaye ta mene ne ba, ita ma ba ta ƙara ba. Na dai yi mata bayanin yadda ajin yake. Mataki biyu ne. A na farko ana koyon gaisuwa da ƙirga da maganar iyali da ciniki. A na biyu wata nas mai ritaya ce ke koyar da Turancin asibiti: sunayen sassan jiki, ina ne ke ciwo, yaushe ya fara, da irin maganganun da mace ba ta yi sai da mace. Kujerun mataki na biyu kaɗan ne, kuma ba a shiga sai an ci jarrabawar baki a ƙarshen wata uku. Ta ce to, a rubuta sunanta. Malam bai hana ba, shi ma ya saya mata littafin rubutu da fensir.

Malamar ajin wata dattijuwa ce Bamalayiya da ta yi ritaya daga koyarwa, Cikgu muke ce mata, haka ake kiran malami a can. Ranar farko Hajiya ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ni kuwa na ji kamar in nutse, na yi saurin duba fuskokin Larabawan da ke ajin ko sun gani. Cikgu ta kama hannuwanta biyu ta tashe ta tana murmushi. Daga nan suka shaƙu, ba su da yare ɗaya amma kullum sai ka gan su kai a haɗe a kan littafi.

Ban taɓa ganin ɗaliba irinta ba, har yau da nake da shekaru a koyarwa. Duk kalmar da aka faɗa sai ta rubuta yadda ta ji ta da ajami, ta sa mata wasali, ta je gida tana tilawarta a bakin murhu kamar hadda. Ruwan Kuala Lumpur na la'asar ko na safe bai taɓa hana ta zuwa ba, sai ta shigo da jiƙaƙƙen hijabi ta zauna a kujerar gaba. Matasan matan da suka yi sakandare suna danna waya, ita tana ɗaga hannu. Ranar da ta sauka mamak ita kaɗai ta ce a yi mata tapau, wato a ƙunshe mata abinci ta tafi da shi, ta kuma tambayi kuɗin da Turanci aka ba ta amsa ta gane, sai ta hauro da ledar a hannu tana dariya har da hawaye. Ta ce ashe su ma mutane ne, magana kawai suke jira.

A mako na shida aka shiga darasin iyali. Kowace mace ta tashi ta faɗi sunanta, da sunan mijinta, da aikinsa, da 'ya'yanta. Da aka zo kan Hajiya ta faɗi nata sunan, ta ce mijinta malami ne, 'ya'yanta shida, ta lissafa biyar daga ƙasa ta zauna. Cikgu ba ta lura ba, ta ce da kyau. Ni na lura, kuma na san dalili sarai. Mace irin Hajiya ba ta kama sunan mijinta, ba ta kuma kama sunan ɗanta na fari, ko 'yarta ta fari. Akwai wata 'yar Sudan da ke zuwa da jariri mai suna irin na Malam, Hajiya takan karɓe shi ta yi masa wasa, amma mai sunan Malam take ce masa. Ba wani baƙon abu ba ne a wurina. Mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin sunan mahaifina a bakinta ba, yayana kuwa wannan yaron take ce masa har ya yi furfura. A cikin wannan kunyar aka raine ni, na san nauyinta kamar yadda na san hanyar gidanmu.

Saura mako guda jarrabawa Cikgu ta ba ni takardar tambayoyin in je in buga kwafi a ƙasa. Ina tsaye gaban injin na karanta. Tambaya ta huɗu, mene ne sunan mijinki. Ta shida, mene ne sunan babban ɗanki ko babbar 'yarki. Na hauro matakala da niyyar in gaya wa Cikgu a cire su, ko a canja wa Hajiya da wasu. Kafin in kai ƙofa na fara shirya yadda zan faɗa da Turanci, cewa a ƙasarmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, sai na ji maganar ta yi mini wani iri a kunne. Na hango Cikgu tana ɗaga gira, na hango 'yar Yaman ɗin nan tana ƙara wannan a kan maganar wutar lantarki. Na miƙa takardun na ce ga su. Hajiya ma ban gaya mata ba, don na san za ta ce in roƙar mata Cikgu. Na ce a raina idan ranar ta zo za ta san dabarar da za ta yi.

Ranar jarrabawar wata matashiya aka turo ta yi tambayoyin, daga wata makarantar koyon harsuna, mai gilashi, mai saurin magana, tana duba agogo. Aka ajiye tebur a gaba. Ita a tsakiya, ni a gefenta don in fassara umarni idan an kasa ganewa, Cikgu tana can baya wurin taga. Sauran matan suna zaune a layi suna jiran a kira su, kuma duk abin da aka faɗa a gaba suna ji. Hausawa uku ne a ajin: Hajiya da wasu amare biyu. Kafin a fara baƙuwar ta tambaye ni a Ingila na yi karatu, na ce a'a, a Najeriya, ta ce kai, ba ta zata ba. Kaina ya kumbura har na ji kujerar ta yi mini kaɗan.

Hajiya ce ta biyar. Ta zo da sabon hijabi ruwan toka, ta zauna ta haɗa hannuwanta a kan cinya. Gaisuwa ta amsa. Sunanta ta faɗa, ƙasarta ta faɗa, har ta ƙara da cewa tana zaune a Danau Kota ba a tambaye ta ba. Baƙuwar tana gyaɗa kai tana sa maki. Sai ta karanta tambaya ta huɗu.

Hajiya ta ce, "My husband is teacher."

Baƙuwar ta ce ta ji, amma sunansa ake tambaya. Hajiya ta sunkuyar da kai. Aka maimaita a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ake yi wa wanda bai gane ba. Fankar sama tana juyawa, ƙasa ana buga cokali a kasko. Wata daga cikin Larabawan ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu. Hajiya ta ɗago ta dube ni, kuma duban ba na neman fassara ba ne, ta fi ni sanin abin da aka tambaya. So take in buɗe baki in ce wa matar nan a wuce wannan.

Baƙuwar ta juyo gare ni ta tambaya ko ba ta gane ba ne, ta ce idan ɗaliba ta kasa tambaya mai sauƙi irin wannan ba za ta iya tura ta mataki na biyu ba. Jimla biyu kacal ake buƙata daga gare ni, kuma ina da Turancin yin su har da ado. Sai na yi murmushi na ce mata a ba ni minti ɗaya, na juya wurin Hajiya na yi magana da Hausa, ba kuma a hankali ba.

"Haba Hajiya, ki faɗa mana. Suna ne fa kawai. Nan ba ƙauye ba ne, kada ki ba mu kunya."

Wannan mu ɗin da na sa a ciki har yau idan na tuna sai in ji zafi a fuskata. Matar da ta girmi yayata, wadda ta dama mini kunu, na gaya mata haka a gaban amare biyu sa'o'in 'ya'yanta. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ta fuskanci baƙuwar, ta gyara zama, ta faɗi sunan Malam cikakke, nasa da na mahaifinsa, a cikin jimla mai kyau wadda ba kuskure ko ɗaya. Ɗaya daga cikin amaren ta toshe baki da gefen hijabi, ɗayar ta saki wata 'yar dariya ta haɗiye.

Tambaya ta biyar 'ya'ya nawa, ta ce shida. Da aka zo ta shida ba ta jira a maimaita ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta faɗi sunan 'yarta ta fari, wadda ke aure a gida da 'ya'ya uku, sunan da ko a ranar sunanta ba ta furta ba. Baƙuwar ta ce da kyau ƙwarai, ta rubuta, ta kira ta gaba. Hajiya ta tashi ta koma kujerarta ta zauna har aka gama da kowa, ba ta fita ba. Da aka tashi ta yi wa Cikgu sallama, ta ce mini sai anjima, ta sauka. Kullum tare muke zuwa bakin titi jiran bas, ranar na tsaya tattara takardu da gangan.

Cikgu ta ce in zo mu sha shayi a ƙasa. Muna zaune ta tambaye ni me ya faru da Hajiya a tambaya ta huɗu, don ta san ta iya. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce wata tsohuwar al'ada ce ta mutanen karkara, wasu mata ba sa faɗin sunan mazajensu, amma yanzu duk an bar wannan. Na faɗa ina dariya, don ta san ni ba na ciki. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofin ta ce mahaifiyarta a ƙauyensu ta mutu ba ta taɓa kiran mahaifinsu da suna ba, ita kanta shekara talatin da wani abu tana aure kuma yayana take ce wa mijinta da yarensu. Ta ce ba sunan kowa suke nema ba, so suke su ji mace ta haɗa jimla, da na yi magana da an tambaye ta sunan titinsu.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba? Boleh lah, ai mai yiwuwa ne, abu mai sauƙi. Kin ga takardar tun makon jiya."

Na ce ban yi tunani ba. Ƙarya ce, kuma ina jin ta san ƙarya ce, don kuɗin shayin kawai ta biya muka rabu. A bas na zauna ina kallon taga, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Mutanen da na ɓata tsohuwa don in burge su, ashe a gidajensu ma haka ake yi.

Kafin la'asar labari ya zaga. Mu 'yan kaɗan ne a garin, kuma kowa yana da lambar kowa. Amaren ba da mugunta suka faɗa ba, abin dariya suka ɗauke shi: wai Hajiya ta waye, yau ta kama sunan Malam da Turanci har da na babansa. Wata ta kira ni tana ƙyaƙyatawa tana tambaya ko gaskiya ne. Aka ce a wani taron suna da aka yi a ƙarshen makon nan, wata mata mai rawar kai ta tsokane ta, ta ce Hajiya a maimaita mana mu ji. Hajiya ta yi murmushi, ta gama wanke tukwanen da ta fara, ta tafi gida kafin a raba abinci. Ko maganar ta kai kunnen Malam ban sani ba. Maza ma suna da nasu zaman bayan sallar Juma'a, kuma matansu ba sa ɓoye musu irin wannan.

Sakamako ya fito, Hajiya ce ta biyu a ajin gaba ɗaya. Aka rubuta sunanta a cikin masu shiga mataki na biyu. Talatar farko kujerarta ba kowa, Alhamis ma haka. Cikgu ta ba ni takardar shaidarta a cikin ambulan ta ce in kai mata, in kuma gaya mata an riƙe mata kujera har ƙarshen wata. Kwana huɗu ambulan ɗin yana jakata kafin in iya hawa lif ɗin gidansu.

Ta buɗe ƙofa da fara'a, ta yi mini sannu da zuwa. Na nufi ɗakin girki yadda na saba, sai ta nuna mini kujerar falo ta ce bismillah. Ta shiga ta fito da lemo a kan faranti, da kofin gilashi irin wanda take fitarwa idan baƙin Malam sun zo. Ta tambayi maigidana, ta tambayi karatu, ta tambayi mutanen Kano. Na miƙa mata takardar, ta karɓa da hannu biyu, ta duba, ta ce Allah ya saka da alheri, ta ajiye a kan talabijin. Na ce Cikgu tana gaishe ta, an riƙe mata wuri, kuma a wannan matakin ne za a yi abin da ta shiga dominsa.

Ta ce, "A gaishe ta da kyau, Malama. Wanda na samu ya ishe ni."

Na zo da haƙuri a bakina, na shirya shi tun a hanya. Amma da na ji Malama sai na fasa ba ta haƙurin, na ce mata ai abin ya wuce, kowa ya manta, kada ta bari maganar yara ta hana ta karatu. Wato har a lokacin laifin na ɗora wa amaren. Ta ce haka ne. Ta raka ni har bakin lif, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya har ƙofar ta rufe.

Ba ta yi gaba da ni ba, ko sau ɗaya. Duk inda muka haɗu za ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Da na haihu ta aiko da yaji da kunun kanwa ta hannun wata. Ni ma na ci gaba da zuwa ajin, na zauna a mataki na biyu ina fassara wa wasu matan yadda ake cewa jini, da kumburi, da tun wata nawa, ina kallon nas ɗin tana nuna hoton jikin mace a allo. A ƙarshen watan aka ba wata 'yar Somaliya kujerar.

Bayan kamar wata biyar na je awon jariri a asibitin nan na Titiwangsa, na hango Malam da Hajiya a layin ɓangaren mata. Malam yana zaune da carbi da katinta a hannu, shi kaɗai namiji a kan bencin, ya takure a gefe. Hajiya tana kusa da shi, ta rame har hijabin ya yi mata yawa. Na je na durƙusa na gaishe su. Malam ya ce ya baro karatu ya kawo ta ne, tunda shi yana ɗan taɓa Turancin, ko da yake nasa na littafi ne. Na matsa kusa da ita na ce a hankali ko in shiga da ita, Malam ya huta. Ta ce a'a, kada in wahalar da kaina ga goyo. Aka kira lambarta, suka tashi tare, shi a gaba ita a baya, ƙofar ta rufe.

Na zauna na jira, ban san me nake jira ba. Ko minti biyar ba su yi ba suka fito. Malam yana riƙe da takardar magani, ya ce mini alhamdulillahi, likita ta tambaya ko akwai wani abu kuma, Hajiya ta ce babu, ciwon baya ne kawai, an ba ta na shafawa. Hajiya tana ta gyara hijabinta.

Shekarar da ta biyo Malam ya gama suka koma gida. Ba a yi wata takwas ba maigidana ya dawo daga masallaci ya ce an yi sanarwa matar Malam ta rasu a Katsina, bayan jinya. Na tambaye shi me ya same ta. Ya ce ba a faɗa ba, an dai ce ciwon ya daɗe a jikinta kafin a gano.